Yadda ake gina dalilin da zai sa jarumi ya kashe abokin tafiyarsa mai rauni a shirin zombi

Kusan duk shiri mai dogon zango da aka gina kan annobar zombi, wato gawarwakin da ke tashi suna cizon masu rai, yakan iso wannan gaɓa: wani a cikin ayari ya ji rauni, tafiya ta gagare shi, sai ɗaya daga cikin abokansa ya ɗauki makami ya ƙarasa shi. Rubuta harbin kansa bai fi layi biyu ba. Wahalar tana wajen sa mai kallo ya yarda cewa mutumin nan da ya shafe makonni yana bibiya zai iya wannan aika-aikar. Ba dole ne ya goyi bayan kisan ba, yana ma iya tsine wa jarumin. Abin da ake nema shi ne ya riƙe baki ya ce, "Dama na san zai aikata." In kuwa ya ce, "Haba, wannan ai marubuci ne ya ga dama," to an yi asarar fitowar da duk abin da zai biyo bayanta.

Mataki na 1: Kafa dokar cutar tun kashi na farko

Kafin ka taɓa halin kowa, zauna ka amsa tambayoyi huɗu a takarda. Duk wanda aka ciza mutuwa yake yi, ko akwai masu tsira? Awa nawa ne tsakanin cizo da rikiɗa? Yanke hannu ko ƙafar da aka ciza yana ceto, kuma cikin minti nawa? Sannan wanda ya mutu ta wata hanyar, shi ma yana tashi? A fim ɗin George Romero na 1968, wanda daga gare shi aka gaji yawancin ƙa'idojin wannan fanni, sababbin matattu tashi suke yi ko ba a cije su ba. In ka ɗauki wannan doka, mai karayar ƙafa da ke zazzaɓi a tsakiyar masu barci ya zama barazana kamar wanda aka ciza.

Lokacin rikiɗa shi ne ke yanke irin fitowar da za ka samu. In daƙiƙa 20 ne, babu shawara, hannu ne kawai ya riga tunani, kuma babu wanda zai tuhumi mai kisan. In kwana uku ne, akwai sararin bankwana da neman magani, don haka wanda ya yi gaggawar kisa zai fito a matsayin mugu. Tsakanin awa 6 zuwa 24 ya fi ba da wasa: akwai lokacin gardama, amma babu lokacin jira.

Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne dokar roba. A kashi na 2 wani ya rikiɗa cikin minti biyar, a kashi na 7 ƙaunataccen jarumi ya kwana biyu yana wasiyya. Masu kallo suna riƙe da lissafi. In kana son bambanci, sa wani a cikin labarin ya faɗe shi da wuri: cizon wuya ya fi na ƙafa sauri, yaro ya fi babba saurin faɗuwa.

Mataki na 2: Zaɓi raunin, kuma ka san abin da yake yi wa jiki

"Ya ji mummunan rauni" ba bayani ba ne. Kowane rauni da agogonsa, kuma agogon ne ke matsa wa jarumi.

Baligi yana da jini wajen lita 5. In ya zubar da kashi 15 cikin 100, da wuya a ga alama. Daga kashi 30 zuwa 40 bugun zuciya zai yi sauri, jiki ya yi sanyi da gumi, magana ta fara rikicewa. In ya wuce kashi 40, wato kimanin lita 2, rai na hannun Allah sai an samu ƙarin jini. Babbar jijiyar cinya in ta tsinke, mintuna kaɗan ne, saboda haka mai irin wannan rauni ba ya buƙatar a ƙarasa shi, kuma ba zai yi dogon jawabi ba. Ɗaurin da ake tamke gaɓa da shi don tsayar da jini yana sayen lokaci: zuwa awa biyu yawanci gaɓar na tsira, in an kai wajen awa shida akwai babban haɗarin sai an yanke ta.

Raunuka uku ne suka fi yi wa marubuci amfani. Na farko karayar ƙashin cinya. Mutum yana cikin hankalinsa, yana magana, yana roƙo, a asibiti warkewa zai yi, amma ba zai taka ba, kuma yana iya zubar da lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi a cikin cinyar ba tare da an ga ɗigo a waje ba. Wannan shi ne mafi zafi, domin kowa ya san ba ajali ne ya zo ba, rashin mota ce. Na biyu raunin ciki da ya huda hanji. Ba tiyata, ba maganin kashe ƙwayoyin cuta, ciki zai kumbura ya yi tauri, zazzaɓi ya hau, a kwashe kwanaki ana azaba. Wannan ne ya fi dacewa da kisan jinƙai. Na uku cizon da ake shakkarsa: yagewa ce a hannu, shi ya ce waya ce ta karce shi, wani ya ce ya ga haƙori. A nan gardamar ta koma kan wa ake yarda da shi.

In kana neman abin kwatance na gaskiya, dubi ciwon haukan kare. Ta cizo ake ɗauka, yakan ɗauki makonni ko watanni kafin ya bayyana, kuma da zarar alamu sun fito kusan babu mai tsira. Tsoron jira da ke tattare da shi, shi ne ainihin abin da za ka aro.

Mataki na 3: Yi lissafin hanya da alƙalami

Mai lafiya yana cin kilomita 5 a awa a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya. Ɗaukar baligi a makara ko ƙyauren ƙofa yana cin mutum huɗu, a daji ko tudu sai an yi karɓa-karɓa da shida ko fiye, kuma saurin yana faɗuwa ƙasa da rabi. To in ayarinka mutum biyar ne, ɗaya kwance, huɗu sun ɗauke shi, wa ke riƙe da makami? In akwai ƙaramar yarinya tare da su, wa ke goye da ita? Rubuta waɗannan a gefe: nisan mafaka, awannin da suka rage kafin duhu, yawan harsashi, ruwan da ke jarka, saurin gawarwakin da ke biye.

Ba duka za su fito a baki ba. Biyu sun isa, kuma gara a gan su da ido: hannu na ƙirga harsashi uku a tafi, inuwa ta miƙe a kan kwalta. Ka tuna ƙarar bindiga ta haura desibel 140 a ma'aunin ƙarfin sauti, a fili ana jin ta daga nesa sosai. In a duniyarka gawarwaki ƙara suke bi, harbin jinƙai yana iya jawo halaka ga sauran. Wannan ya tilasta wuƙa, wuƙa kuwa sai an durƙusa kusa da mutum, an taɓa shi. Wanda zai iya harbi daga taku goma ba lallai ya iya wannan ba.

Mataki na 4: Ba shi dalili biyu, na baki da na zuci

Nan ne zuciyar aikin, kuma nan ne yawancin rubutu ke faɗuwa. Dalili ɗaya tak yana sa jarumi ya zama allo mai ɗauke da saƙo. Mutum na gaske yana da abin da zai gaya wa jama'a, yana kuma da abin da ko kansa ba ya son gaya wa.

Dalilan baki ba su da yawa: yana shan azaba, zai rikiɗa ya cinye mu, ihunsa zai tona mana asiri, shi ya roƙe ni. Dole dalilin baki ya zama gaskiya ƙwarai, wanda mai hankali zai ji ya yi shiru. Dalilin zuci kuwa daga tarihin mutumin yake fitowa. Ga misalan haɗi da ke aiki:

Uwa ta ce ta kashe shi ne don nishinsa zai jawo gawarwaki inda 'yarta ke ɓoye. Gaskiya ne. Amma a farkon annoba ta yi jinkirin rabuwa da mijinta da aka ciza, jinkirin ya ci ran ɗanta na fari. Ba wannan mai raunin take kashewa ba, wancan jinkirin take ramawa.

Shugaban ayari ya ce lissafi ne, mutum ɗaya a madadin tara. Amma mai raunin shi ne kaɗai ke ja da shawararsa a gaban mutane tun kashi na 3. Shi kansa ba zai taɓa sanin kashi nawa na lissafi ne, kashi nawa na huce haushi ba, kuma wannan rashin sanin zai ci shi har ƙarshen zango.

Matsoraci ya harbi abokinsa a ƙafa don gawarwaki su tsaya kansa, shi ya tsere da maganin da ake jira. Ya ce don mara lafiyar da ke gida ne. Haka ne, maganin ya isa. Amma shi ya san ƙafarsa ce ta fara yanke shawara kafin zuciyarsa.

Tarihi ya nuna yadda irin wannan cakuɗa take. A 1884 jirgin ruwan Mignonette ya nutse, mutum huɗu suka tsira a ƙaramin kwalekwale. Bayan kusan kwana 20, kyaftin Dudley da mataimakinsa Stephens suka yanka yaron jirgin, Richard Parker, mai shekara 17, wanda ya riga ya galabaita bayan ya sha ruwan teku, suka rayu da namansa. Hujjarsu: yana bakin mutuwa, su kuma suna da iyali. Lura da wanda aka zaɓa: mafi ƙanƙanta, mara mata da 'ya'ya, wanda ba zai iya kare kansa ba. Kwana huɗu bayan haka aka cece su. Kotun Ingila ta ce larura ba hujjar kisan kai ba ce, ta yanke musu hukuncin kisa, daga baya aka sassauta zuwa ɗaurin wata shida. Marubuci ya ɗauki darasi biyu a nan: "dama mutuwa zai yi" magana ce da mai jin yunwa ke saurin gaskatawa, kuma wanda ake kira dole sau da yawa shi ne wanda ya fi sauƙin rasawa.

Sana'ar jarumi ma tana da ta cewa. Marubuta suna son ɗora kisan a kan likita ko ma'aikaciyar jinya, wai su ne masu taurin zuciya. A kula. Tsarin tantance majinyata a lokacin bala'i, wanda ake danganta tushensa da Dominique Larrey, likitan rundunar Napoleon, da irinsa na zamani da aka tsara a Kalifoniya a 1983 mai launi huɗu, ja, rawaya, kore da baƙi, yana koya wa ma'aikaci ya wuce wanda ba zai tsira ba ya tafi ga mai sauran dama. Bai koya masa ya kashe ba. Don haka ma'aikaciyar jinya za ta fi kowa saurin cewa "ba zai kai safe ba", ta kuma fi kowa jinkirin ɗaga wuƙa. In ita ce za ta yi, sai ka biya farashin wannan da tarihi mai nauyi.

Mataki na 5: Shuka tun da wuri

Ba a fafe gora ranar tafiya. In kisan zai faru a kashi na 8, yana buƙatar aƙalla shuka uku a baya. Ta farko, ƙaramin abu da ke nuna halin: ya bar kare mai rauni a hanya bai waiwaya ba, ko akasin haka, ya kasa yanka shi har wani ya karɓi wuƙar. Ta biyu, ya ga sakamakon jinkiri da idonsa, an tausaya wa wani, tausayin ya ci rai biyu. Ta uku, magana tsakaninsa da wanda zai kashe tun suna lafiya, cikin raha ma ya fi: "In ta same ni, kar ka bari in tashi." "Rufe mana baki, kai da ko mura ba ka yi."

Haka kuma a ba mai raunin rayuwarsa. In a kashi na 7 ne aka fara ba shi dogon labarin 'yarsa da ya rasa, duk mai kallo ya san an yi masa wankan gawa ne. Raba abin a tsawon zango, kuma ka bar masa wani buri da bai kammala ba.

Mataki na 6: Rufe ƙofofi a gaban mai kallo

Mai kallo yana zaune yana kawo mafita: ku ɗauke shi mana, ku ɓoye shi a mota ku dawo, ku yanke ƙafar, ku bar masa bindiga. Duk ƙofar da ka bari a buɗe, ta nan zai fice daga labarin. Jera mafita huɗu ko biyar da mai hankali zai kawo, ka sa a gwada aƙalla biyu a gaban kyamara su ci tura, sauran a kashe su da jimla guda ko hoto guda.

Abin da ya faru a dutsen Siula Grande na ƙasar Peru a 1985 ya isa misali. Joe Simpson ya karye a ƙafa suna saukowa. Abokinsa Simon Yates bai tafi ya bar shi ba, ya shafe awanni yana zura shi ƙasa da igiya cikin guguwar ƙanƙara. Sai Simpson ya zarce bakin wani gangare yana lilo a iska, nauyinsa na jan Yates. Yates ya riƙe shi fiye da awa guda kafin ya yanke igiyar. Awannin nan na wahala su ne suka sa mutane da yawa suka fahimce shi, har shi Simpson ɗin, wanda ya rayu ya ja jiki kwana uku zuwa sansani, ya riƙa kare shi. A rubutu ma haka ne: gwargwadon gumin da jarumi ya zubar wajen ceto, gwargwadon yadda za a karɓi yankewar.

Akwai ƙofar da ake yawan mantawa: shi mai raunin me yake so? A watan Maris na 1912, Lawrence Oates, da sanyi ya lalata masa ƙafafu a tawagar ɗan bincike Robert Scott a Antatika, ya fice daga tanti cikin guguwa don kada ya ci gaba da jinkirta abokansa. Duk da haka sauran ukun ba su tsira ba. Mai raunin da ya roƙa a ƙarasa shi, da wanda ya ce a bar shi da harsashi ɗaya, da wanda ya kama rigarka yana cewa zai iya tafiya, fitowa uku ne mabambanta. Ta ukun ce ta fi tsada, ita ce kuma ba a mantawa.

Mataki na 7: Rubuta fitowar a taƙaice

A ƙa'idar rubutun fim, shafi ɗaya kimanin minti ɗaya ne. Gardamar ayari ta ɗauki shafi biyu zuwa uku, kisan kansa kada ya wuce ɗaya da rabi. Rage mutane zuwa biyu. Hana jarumi bayyana dalilinsa, domin an riga an gina shi. Ba hannayensa aikin yi. Ga yadda za ta iya kasancewa tsakanin wa da ƙani, a bayan wata motar da ta mutu, ƙanin da karyayyar cinya:

Wan ya cire rigarsa ta sama ya naɗe, ya sa masa a ƙarƙashin kai. Ya buɗe gorar ruwa, saura kurɓi biyu, ya ba shi duka.

"Yaya, ka rage wa kanka."

"Sha."

Ƙanin ya sha, ya bi gorar da kallo, ya ga ba a rage komai ba. Ya daina tambayar yaushe za a dawo da mota.

"Takalmina sun fi naka. Ka cire su tukuna, in ya so..."

Wan ya fara kwance igiyar takalmin, ta ƙulle, yatsunsa na rawa, ya kasa. Daga nesa ƙarar jan ƙafafu a kan tsakuwa.

"Yaya, juya ni in kalli can."

Ruwan da aka ba shi duka shi ne sanarwar hukuncin, kuma ƙanin ya gane ba tare da an furta ba. Kyamara ta tsaya a fuskar mai kisan, ko ta koma wurin sauran ayari da ke jira a nesa suna sauraro. Nuna raunin ƙuru-ƙuru yana mayar da hankalin mai kallo kan aikin masu kwalliya. Kiɗa ma a janye shi. In goge ya fara kuka tun kafin a ɗaga makami, an gaya wa mutane abin da za su ji, su kuwa ba sa son haka.

Mataki na 8: Biya bashin a kashi na gaba

Kisan da ba shi da sakamako ado ne kawai. Yanke shawara uku kafin ka rufe kashin. Wa ya gani? Me jarumi ya faɗa da ya dawo? Wane abu ne zai tona shi? Ƙarya ita ce ta fi haihuwa: ya ce gawarwaki ne suka cim masa, amma ga takalmin mamacin a ƙafarsa, ko harsashinsa ya ragu da ɗaya alhali ya ce bai yi harbi ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne, sai dai kada ka yi saurin kai shi ƙarshe. Bari mutum ɗaya ya lura ya yi shiru na kashi biyu ko uku.

Likitan ƙwaƙwalwa Jonathan Shay, da ya yi aiki da tsofaffin sojojin Amurka na yaƙin Biyetnam, ya yi bayanin wani rauni da ba tsoro ke kawo shi ba, wanda ke samun mutum in an keta abin da ya ɗauka daidai ne. Masu irinsa ba kullum suke kuka ba. Sukan janye daga mutane, su yi saurin fushi, su daina yarda da kowa, wasu su riƙa jefa kansu cikin haɗari. Labarin zuciya a tambayi fuska: jaruminka ya ƙi cin rabonsa, ya karɓi gadin dare uku a jere, ya daka wa yaro tsawa don ya ambaci sunan mamacin. Mafarkin firgita da wanke hannu a gaban madubi an gaji da su.

Ayarin ma ya canja. Daga ranar, duk wanda ya yi tuntuɓe zai ɓoye ɗingishinsa, wanda ya yanke a hannu zai sa doguwar riga. Wannan ya ba ka fitowa ta gaba a kyauta: wata ta ɓoye cizo don ta ga abin da aka yi wa na baya, ɓoyewar ta jawo asarar da kisan farko ya ce yana hanawa.

Sai tambayar ko labarin zai wanke jarumin. In gari ya waye aka ga lallai da mai raunin ya rikiɗa, an sauke masa nauyi, an kuma kashe gardamar masu kallo. In mota ta iso bayan minti biyar, an yi masa mugunta mai arha. Tsaka-tsaki ya fi daɗewa a rai: bayan kashi biyu su iske wani ƙaramin asibiti da sauran kayan aiki a nisan kilomita 12 daga inda abin ya faru. Da ɗaukar makara, tafiyar awa shida ce ko fiye, duhu kuma ya rage awa uku a ranar. Sa jarumin ya tsaya a bakin ƙofar yana wannan lissafin da yatsunsa, wani ya tambaye shi me yake ƙirgawa, ya ce ba komai.